Man Shanun Iya da Kwanson Harsasan Baba

Ranar wata Juma'a ce, a kakar shekarar da na shiga aji uku na firamare, Baba ya dawo daga masallaci a Rano, ko babbar rigarsa bai tuɓe ba ya kira ni gindin rumbu ya ce in miƙo hannuna. Na miƙa a ɗarare, domin a gidanmu idan aka ce yaro ya miƙo hannu, ba kasafai alewa ke biyo baya ba. Ya kama ɗan yatsana ya jujjuya shi kamar mai cinikin allura, ya naɗa masa ƙyallen tsohon rawani, sannan ya zaro wani abu daga burgaminsa, jakar fatar nan ta maharba, mai kama da guntun kara, amma na tagulla, ya zura yatsan a ciki. Ya shige har gindi. Tsakar gidan cike take da ƙanshin sabon gero, kaji suna ta rububin tsaba a bakin turmi, Inna tana sheƙa a gefe tana kallonmu ta wutsiyar ido. Baba ya zare yatsan, ya duba baƙin maiƙon da ya fito a jikin ƙyallen, ya ce, "To, Uwale, kin samu aikin gwamnati. Sai dai babu albashi, babu hutu."

Abin da ya zura mini a yatsa kwanson harsashi ne. Baba manomi ne kamar kowa a Saji, gero da dawa da gyaɗa, da ɗan rogo a fadama, amma kuma maharbi ne, kuma a cikin maharban yankinmu shi kaɗai ke da bindiga mai cin harsashi. Sauran duk ta toka suke riƙewa, wadda ake ɗura wa gari ta baki. Tasa ta zo masa ne da 'yan kwanso na tagulla waɗanda ba su cika tafi biyu ba, kuma ba a samun irinsu a kasuwar Rano ko ta Kibiya. Saboda haka ba ya yar da ko ɗaya. Idan ya yi harbi, kafin ya je ga naman sai ya fara sa kwanson a aljihu. Ya kawo shi gida, ya gyara, ya sake cikawa. Wasu daga cikinsu sun girme ni, kuma a ganina a lokacin, sun fi ni samun kulawa.

Gyaran kuwa yana da dalili. Kwanso idan wuta ta tashi a cikinsa yakan ɗan kumbura, har ya ƙi komawa cikin bindiga. Wani maƙeri a Kibiya ya ƙera wa Baba guntun ƙarfe mai rami daidai kwanson. Sai ya shafa wa kwanson man gyaɗa, ya cusa shi a ramin yana bugawa a hankali da katako, ya juya ya fitar da shi ya koma yadda yake. In babu man, kwanso ya maƙale ko ya tsage. In kuma man ya saura a jiki, ya gangara ya jiƙa albarushi, wato baƙin garin nan da ke kama wuta, bindiga ta ƙi tashi. Abin da ya taimaki kwanso da safe, shi ne zai kashe shi da yamma idan aka bar shi. Aikina ke nan: raba kwanso da mai.

Nakan fara da dusa. In zuba su a tsohuwar ƙwarya, in rufe su da dusar gero, in yi ta cuɗawa har dusar ta yi duhu ta dunƙule. Daga nan in wanke su da ruwan toka mai ɗumi, irin wanda Inna ke tacewa don miya, in ɗauraye. Sannan aikin yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ina sauya ƙyalle har sai ya fito fari kamar yadda ya shiga. A ƙarshe in jera su a kan faifai baki a ƙasa, in ɗora a kan danga inda awaki ba sa kaiwa, rana ta ƙarasa nata. Cikawar kuwa Baba shi kaɗai yake yi a ɗakinsa, ƙofa a rufe, ban taɓa gani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. A farkon lamarin yakan ɗauki kowanne ya murza a kan farar takardar littafina, ya ɗaga ta sama ya duba ko hasken rana zai nuna tabo. Littafin lissafina na wannan shekarar ya fi ɗauke da shaidar man gyaɗa fiye da ta ilimi. Ya kan ce, "Ido yana yafiya, hanci yana yafiya, albarushi ba ya yi."

Aikin ya ba ni wani matsayi a makaranta wanda ban nema ba. Tokar ta sa yatsuna suka yi kaushi, idan muna carafke a ƙarƙashin darbejiya duwatsun ba sa zame mini, ƙawayena suka ce asiri ne na 'ya'yan maharba. Maza kuma suka yi ta bina da goriba da aduwa wai in sato musu kwanso ɗaya su yi usur da shi. Ranar da malaminmu ya zo da kwalba ya zuba ruwa da mai ya girgiza don ya nuna mana ba sa haɗuwa, na zauna ina kallonsa da tausayi irin na wanda ya riga ya san ƙarshen labari.

Amma a gida aikin nawa ya saɓa wa duk abin da na tashi na gani. A gidanmu duk abin da ake so, mai ake shafa masa. Jariri idan an yi masa wanka, sabuwar ƙwarya, ƙotar fartanya, igiyar guga, kan yarinya ranar kitso, ƙafar tsoho idan ta yi faso. Abin da aka bari ya bushe ya yi furu-furu, abin da ba shi da mai shi ne. Babbar malamar wannan darasi kuwa ita ce Iya, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta. Tsohuwa ce 'yar siririya, yanar ido ta rufe mata gani har sai da ta koma gane mutane da tafiyarsu. Tana da wani ɗan kasko mai murfi a ƙarƙashin gadonta, wanda ba ya rabuwa da man shanu. Wata Bafillatana daga wajen Kahu ke kawo mata duk ranar kasuwa, su zauna su yi ta musu a kan ko man na jiya ne ko na shekaranjiya, su rabu suna sa wa juna albarka. Iya ba ta cin tuwo sai da shi. Mijinta, kakana, shi ma maharbi ne, na zamanin bindigar toka, kuma ita ce take shafe masa bindigar da man shanu tun daga baki har gindi duk lokacin da zai shiga daji. Takan ce, "Ƙarfe ma yana jin ƙishirwa, takwara."

Baba shi ne ɗanta na fari, don haka tsakaninsu akwai kunyar nan da yaran yanzu suke ji kamar tatsuniya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Mutumin can" take cewa, ko "mai bindigar nan." Ba ta shiga ɗakinsa, ba ta tambayarsa lafiya ido da ido. Idan ya durƙusa a ƙofarta da safe ya gaishe ta, sai ta amsa tana fuskantar bango, kamar bangon ne ya yi gaisuwar. Idan ya yi tafiya ya daɗe, ba za ta ce komai ba, sai dai a ga ta kasa zama, tana ta yi wa kaji faɗa. Duk wanda bai san al'adar ba zai ce ba ta ƙaunarsa. Mu da muke gidan mun san inda tsokar da ta fi kyau a kwanonta take komawa, ta hannuna, da umarnin kada in ce daga ina.

Maharban yankinmu suna da shugaba, Sarkin Baka, wani dattijo mai suna Malam Garba, kuma suna da ƙa'ida wadda kowane yaro a gidan maharbi ya sani. Idan aka fita farautar taro, kowa ransa yana hannun na kusa da shi. Wanda bindigarsa ta ƙi tashi a gaban dabba, sai an bincika. In ƙaddara ce, a yi masa jaje. In wani ne a gidansa ya taɓa masa kaya, a faɗi sunan mutumin a gaban maharba, a ja masa kunne, magana ta wuce. In kuwa sakacinsa ne shi da kansa, to ya rataye bindiga ke nan, ba ya sake bin taro. Baba ya fi son bindigar nan da duk abin da ya mallaka. Noma ya gada, harbi kuwa shi ne abin da ya sa idan ya shiga kasuwa ake matsa masa a kan benci.

A shekarar da nake aji biyar ya daina murza kwanso a kan takarda. Na dawo daga makaranta kawai na tarar faifan babu komai, ya kwashe ya cika ba tare da ya duba ba. Ban taɓa samun lambar yabo da ta kai wannan ba, har yau. Haka muka ci gaba. Nakan gama aikina da sassafe kafin a kaɗa ƙararrawa, in bar su a kan danga, shi kuma ya kwashe idan ya dawo daga gona.

Da bazarar wannan shekarar, lokacin da zafi ke sa kwalta ta yi laushi a hanyar Rano, wani gadu ya ɓullo daga dajin kudu ya addabi fadamarmu. Gadu alade ne na daji mai haure biyu a waje, kuma ba cin rogo kaɗai yake yi ba, tone gonar yake yi kamar an ba shi kwangila. Ya gama da gonakin mutanen Nariya ya gangaro namu. Rogon nan kuwa shi ne abin da ke riƙe gidaje kafin sabon gero. Sarkin Baka ya tara mutanensa, suka fita da hantsi, aka sa Baba a bakin kwazazzabon da ake sa ran dabbar za ta fito, tunda bindigarsa ce ba ta da ɓata lokaci. Ina aji muna karatun Hausa aka zo aka kira ni. Abin da aka gaya mana shi ne gadun ya fito daidai inda aka zata, Baba ya saita ya ja kunamar bindiga, ta yi shiru. Ya sauya harsashi, ta yi wani ɗan tari, hayaƙi ya fito, shi ke nan. Kafin wani ya kawo ɗauki, dabbar ta tsarge masa cinya da haure ta watsar da shi. Wani saurayi mai bindigar toka ne ya kashe ta. A kan ƙyauren ɗaki aka kawo Baba gida, daga nan aka wuce da shi asibiti aka ɗinke.

Kwanakin da ya yi a kwance bayan an dawo da shi, ban iya haɗa ido da shi ba. Na yi ta bin aikina a zuciya, dusa, toka, ƙyalle, rana, ban ga inda na tsallake ba, amma wa zai yarda? Iya kuma ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a inuwar da ke jikin bangon ɗakinsa, wai nan ne iska ta fi kaɗawa, alhali duk gidan babu inda ya kai wurin zafi. Wata rana da la'asar ta kira ni, ta miƙo mini kaskonta.

"Ungo, takwara, kai wa mutumin can a shafa masa a gefen ciwon, kada fatar ta ɗaure. Mai kyau ne, ba irin na kasuwa ba. Shi na shafa wa 'yan tagullansa kwanakin baya."

Na tsaya da kaskon a hannu. Na ce, "Waɗanne tagulla, Iya?"

"Waɗanda kike bari a kan danga mana, 'yar nema. Na lalubo su na ji sun bushe ƙayau kamar ƙafar makiyayi. Haka ake yi wa kayan mai shiga daji? Na bi su ciki na shafe, na goge bayan da zanena don kada ƙura ta kama. Kakanki bai taɓa fita da busasshen ƙarfe ba. Allah ne kaɗai ya san abin da zai faru da ban shafa ba."

Tagar ɗakin a buɗe take, a saman kanta. Na shiga na tarar da Baba ido biyu, yana kallon rufin ɗaki. Ya ɗora yatsa a kan leɓensa. Sannan ya yaye zanen da ke kan ƙafarsa, ya ce da ƙarfi yadda za a ji daga waje, "Shafa, Uwale. A ce wa mai man an gode."

Bayan 'yan kwanaki Sarkin Baka ya zo da dattawa biyu. Baba ya sa aka taimaka masa ya dogara sanda har zaure, don kada maganar ta shigo cikin gida. Ni na kai musu ruwa, Malam Garba ya ce in tsaya. Ya kwance wani ƙyalle, ga sauran harsasan Baba an buɗe su, garin ciki ya dunƙule kamar tsakin da aka dama. Ya shinshina ya ce wa Baba, "Mai ne, Malam Isa. Na shanu ma kuwa, hancina bai tsufa ba. Kowa ya san yarinyar nan ke goge maka. Yaro yaro ne, ta ci tuwo ta taɓa da hannu. Ka ce ita ce, mu yi mata faɗa, ka warke ka ɗauki bindigarka. Ba mu da kamarka a bakin kwazazzabo."

Hanya ce ya buɗe masa, mai faɗi, kuma na yarda a bi ta kaina. Faɗan dattawa uku ba ya kisa. Har na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Aikinta babu aibu, Sarki. Ni ke cikawa, ni ya kamata in duba kafin in cika, ban duba ba."

"To man daga ina?"

"Daga gidana. Gidan kuwa nawa ne."

Malam Garba ya naɗe ƙyallensa. Ina jin ya gane akwai sunan da ba za a faɗa ba, kuma dattijo ne da ya san inda ake tsayawa. Ya ce, "Ka san hukuncin." Baba ya ce ya sani. Suka yi addu'a suka tashi. Da suka fita na fashe da kuka, na ce me ya sa bai ce ni ba ce. Ya ce, "In na ce ke ce, na yi miki ƙarya. In na ce ita ce, a tsakiyar maza za a kira sunanta. Wanne kike so in ɗauka in je da shi masallaci?" Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan.

Ya warke da ɗan ɗingishi. Bindigar ta koma kan ƙusa a bangon ɗakinsa, daga baya ya miƙa ta ga hukuma lokacin da aka nemi a yi hakan. Ya ci gaba da noma, aka ci gaba da gaishe shi a kasuwa, amma benci ya daina matsawa da sauri kamar da. Idan maharba suka wuce ta bayan gidanmu da karnukansu, yakan sami wani aiki a cikin rumbu.

Babu wanda ya gaya wa Iya komai, ni dai ban faɗa ba, Inna ma ba ta sani ba sai bayan shekaru. Amma zauren gidanmu ba shi da nisa da tsakar gida, kuma wanda ido ya bari, kunne yakan tsaya masa. Ranar kasuwar da ta biyo baya Bafillatanar Kahu ta zo ta sauke ƙwaryarta, Iya ta ce mata ta gode, ta daina. Matar ta yi zaton wasan ciniki ne, ta rage, ta sake ragewa, har ta ce ta ɗauka kyauta. Iya ta ce, "Ya daina yi mini daɗi ne, 'yar Fulani. Tsufa." Ta rayu shekaru bayan haka tana cin tuwonta da miya kawai, ba ta sake sa man shanu a baki ba. Baba ya ga haka, bai tambaya ba. Kowace safiya yana durƙusawa a ƙofarta, tana amsa wa bango, sai dai amsar ta ƙara tsawo, har da tambayar bangon yadda ƙafa ta kwana.

Yanzu dajin da gadun ya fito duk ya zama gonaki, fadamar kuma injin ban ruwa ke kuka a cikinta. Harsashin da 'yan sintiri ke riƙewa na roba ne, a harba a yar, yara su tsince su yi wasa. Babu mai zama da ƙwaryar dusa yana lallashin tagulla. 'Yata tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga ƙofar gida, ta rungume shi a gaban kowa, ta gaya masa tana sonsa a waya sau nawa a yini, kuma ban ga laifinta ba, wataƙila ma hakan ya fi sauƙi ga kowa. Sai dai idan na je Saji na zauna a inda ɗakunan nan biyu suke a da, nakan tuna mutum biyu da suka yi shekaru bango ɗaya ne tsakaninsu, kowanne ya bar abin da ya fi so saboda ɗayan, kuma har aka binne su babu wanda ya ce wa wani ya sani. Ba su iya faɗa ba, amma ban ga abin da suka rage ba.